Ƙugiyar da ke cikin kowace fitila

Ɗan ƙanwata yana sana'ar hoto a Dogon Dutsi, kuma a kakar da ta wuce sana'ar ta kusa kuɓuce masa. Bayan an gama girbin gero da wake, lokacin da ƙasar Arewa ke cika da bukukuwan aure da kokawar ƙauye, ya sayar da tumakinsa ya sayo babbar kyamara ta gwanjo, irin wadda ake cire mata ido a sa wani, haɗe da dogon ido mai janyo abu daga nesa. Da rana hotunansa abin alfahari ne. Ya ɗauki dutsen da garin ya samo sunansa daga gare shi, kana iya bin kowace tsaga da ke jikinsa da yatsa. Amma da zarar rana ta faɗi sai aikin ya watse. Fuskar amarya dishi-dishi, aikin wuyan rigar ango ya cakuɗe, har akwai hoton da uwar amarya ta kasa gane kanta. Masu biki suka fara ƙin biya, kuma da gaskiyarsu.

Ya zo mini da katin hotunan ransa a ɓace, don ya san na daɗe ina riƙe kyamara. Ya ce, "Kawu, an cuce ni. Wagga kyamara ba ta da lahiya. Yamai za ni in maida ta." Na ce ya dakata mu duba tukuna, domin abubuwa uku da ya faɗa mini ba su yi kama da halin lalatacciyar kyamara ba. Wata ƙawar amarya ta ɗauki taro ɗaya da shi da wayarta, hotunanta sun fi nasa fita, alhali kuɗin wayar bai kama ƙafar kuɗin kyamararsa ba. Sannan a cikin hotunan da ya ɗauka a jere, wuri ɗaya, mutum ɗaya, jefi-jefi sai guda ya fito tas, na gabansa da na bayansa duk sun ɓaci. Abin da ya fi ɗaure masa kai kuwa shi ne aikin dare a cikin gari da dama-dama, amma na ƙauye, wajen Matankari ko can kudu wajen Tibiri da Dumega, shi ne ya fi muni. Na ce masa ƙarfen da ya lalace bai san bambancin ƙauye da birni ba, don haka akwai wani abu daban.

Abokan sana'arsa sun riga sun yanke hukunci cewa ƙura ce. Zargi ne mai ƙarfi, domin duk wanda ya yi hunturu a Dallol Mawri ya san ƙurarsa tana shiga har cikin akwatin da aka kulle. Sai dai ƙura tana da sawunta. In ta hau farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, tabo baƙi-baƙi take bari, a wuri ɗaya cikin kowane hoto, kuma an fi ganinsa a sararin sama. In a gilashin gaba ta kwanta, launi take dusashewa, amma ba ta jan layin abu ta karkatar da shi. Muka duba hotunan da ya ɗauka washegarin kowane biki, da hantsi, bai goge komai ba. Garau suke, sai muka sallami ƙura.

Akwai wata magana da bai so faɗa mini ba sai da na matsa. Ya raka wasu baƙi Lugu, garin Sarauniya Mangu wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, hotunan yammacin ranar duk suka lalace, wani ya ce masa akwai wuraren da ba sa karɓar kyamara. A Arewa ba a wasa da irin wannan zance, kuma neman izini kafin a ɗaga kyamara a Lugu ko Bagaji ladabi ne da ni kaina ba na ƙetarewa. Amma a cikin katin nan akwai hoton wani mai tsire a tashar Kore Mairuwa, bakin kwalta, manyan motoci na wucewa, kuma ciwon da ke jikin hoton iri ɗaya ne sak da na Lugu. Duk abin da ke ɓata aikin yana bin yaron ne duk inda ya je.

Saura mutum ya zargi saiti, wato idon kyamara ya kama wani abu ba wanda ake nufi ba. In haka ta faru, akwai abin da zai fito da kyau a hoton, ko bangon baya ko kafaɗar wanda ya gitta ta gaba, fitilu kuma su kumbura su zama ƙawanya. A nan babu abin da ya fito, na kusa da na nesa. Shi kuma ya ce to mutane ne ba sa tsayawa, mata na guɗa, yara na tsalle. Na nuna masa rumbun da ke bayan amarya da turmin da ke gefe, na tambaye shi ko su ma rawa suke yi. Ya yi shiru. Rumbun ya ɓaci daidai yadda fuskar amarya ta ɓaci.

A nan ne muka samu bakin zaren. Na faɗaɗa hoton ɗakin amarya, inda aka jera samiru da kwalla har kusa da rufi, haske na ƙyalli a bakin kowace. Kowane ɗigon ƙyalli ya zama ɗan layi da ya gangaro ƙasa ya lanƙwashe a ƙarshe, siffar ƙugiya. Na koma kan fitilar sola da ke rataye a ƙofa, ƙugiya. Hasken wayar wata yarinya a lungu, ƙugiya. Tsawonsu ɗaya, inda suka fuskanta ɗaya, daga wannan kusurwar hoton zuwa waccan. A hoto na gaba siffar ta ɗan sauya, amma a cikinsa ma duk fitilun sun yi anko. Abubuwa hamsin a ɗaki ɗaya ba za su motsa tare, hanya ɗaya, a lokaci ɗaya ba. Abu ɗaya ne ya motsa, wato kyamarar, kuma kowace fitila ta zana hanyar da hannun mai riƙe da ita ya bi.

Bai yarda nan take ba. Ya miƙo hannunsa a gabana ya ce, "Duba, Kawu, ni ba tsoho ba ne, hannuna ba ya rawa." Ga ido kam ba ya yi. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa hannun kowane mai lafiya yana da 'yar karkarwa da ido ba ya gani, wajen sau 8 zuwa 12 a sakan guda. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa kyamarar ke ganinta da dare ba ta ganinta da rana, kuma me ya sa wayar ƙawar amarya ba ta gan ta ba.

Kyamarar zamani tana rubuta bayanin kowane hoto a cikinsa, sai muka buɗe. A gaban farantin haske akwai ƙyaure da ke buɗewa ya rufe, kuma tsawon lokacin da ya yi a buɗe shi ne tsawon lokacin da hoton ke shiga. Hoton dutse da rana, ƙyauren ya yi 1/1000 na sakan. Hoton amarya bayan magariba, 1/8. Wato ya daɗe a buɗe fiye da ninki ɗari. In hannu na kai-komo kusan sau goma a sakan, to a cikin 1/8 ya yi zagaye guda cur har da ɗori, ga lanƙwasar ƙugiyar nan ke nan. A cikin 1/1000 kuwa bai ko fara tafiya ba an rufe ƙofa.

Ba shi ya zaɓi 1/8 ba. Ya bar wa kyamara ta zaɓi sauri da kanta, amma ya kulle ISO, wato ƙarfin jin hasken faranti, a kan 100 tun da rana, saboda an gaya masa ɗaga shi yana kawo tsaki-tsaki a hoto. Da haske ya ragu, kyamarar ba ta da wata dabara sai jinkirta ƙyaure. Ƙasarmu kuma ba ta ba mai hoto lokacin shiri. Dogon Dutsi na tsakanin digiri 13 da 14 arewa da tsakiyar duniya, kuma a irin wannan wuri hasken da ke biyo bayan faɗuwar rana bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Idon mutum yana sabawa da duhun a hankali har ya ɗauka da sauran gani, mai hoto yana can yana jera dangin ango, hasken da kyamararsa ke buƙata ya riga ya tafi. Mu kuma a daidai wannan lokaci muke kai amarya, a lokacin ne kokawa ke yin zafi.

Layi na biyu na bayanin ya fi na farko tona asiri. Kusan duk hotunan da suka fi lalacewa an ɗauke su ne da ido a janye har ƙarshe, milimita 200. Dogon ido yana ƙara girman abin da ke nesa, yana kuma ƙara girman rawar hannu daidai gwargwado. Na yi masa lissafin a bayan takarda. In kyamara ta karkata da kashi ɗaya cikin goma na digiri guda, abin da ba wanda zai ji a jikinsa, to a milimita 200 hoton zai zame a kan faranti wajen kashi ɗaya cikin uku na milimita. Farantin irin kyamararsa faɗinsa bai kai milimita 24 ba, kuma an jera masa ɗigo 6000 a wannan faɗi, don haka zamewar ta share ɗigo kusan 90. Karkata iri ɗaya a milimita 18 ɗigo 8 kawai za ta share. Shi ya sa masu hoto tun zamanin fim suke da ƙa'ida: kada ƙyaure ya yi jinkiri fiye da ɗaya bisa tsawon ido. Da yake farantinsa ya fi fim ɗin milimita 35 ƙanƙanta, sai an ninka tsawon da ɗaya da rabi, 200 ta zama 300. Abin da yake buƙata 1/300, abin da ya samu 1/8. Ga kuma ƙarin masifa, irin wannan ido mai rahusa ƙofarsa tana tsukewa in an janye shi, sai hasken da ke shiga ya ƙara raguwa a daidai inda aka fi buƙatarsa.

Da wannan maganar wayar ta warware kanta. Idon waya gajere ne mai faɗin gani, ƙofarsa a buɗe take sosai, kuma ba ta jin tsoron ɗaga ISO. Wayoyi da yawa yanzu ma hotuna da dama suke ɗauka cikin ƙiftawar ido su haɗe su su zama ɗaya, dabarar da ta bazu bayan Google ya fitar da Night Sight a 2018. Ƙawar amarya kuma a cikin ɗakin take, taku biyu tsakaninta da ƙawarta.

Wannan ya kawo tambayar da na fi ganin ita ce zuciyar al'amarin: me ya kai shi tsayawa nesa? Na bi hotunan milimita 200 ɗaya bayan ɗaya. Tabarmar dattawa wurin ɗaurin aure. Cikin gida wurin mata. Rumfar hakimai a filin kokawa. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, yaya zan ratsa gaban manya in tsaya musu a ka?" Kunya ce ta tura shi bakin taro, daga can ya janye ido don ya cike tazarar. Tarbiyyar da uwarsa ta yi masa ce, kuma ba zan so ya yar da ita ba saboda hoto. Ita ce kuma ta ba rawar hannunsa ƙarfin da ta ɓata masa aiki.

Da dare muka fita bayan gida don mu tabbatar. Na ajiye tocila a kan katanga, muka ja baya, na ce ya ɗauka yadda ya saba, milimita 200, 1/8. Sai na ga yadda ya saba ɗin: hannaye biyu a miƙe gaba, yana kallon allon baya, riƙon da ya koya a waya, sannan ya caki maɓalli da kan yatsa. Ƙugiya ta fito, doguwar jelarta tana tsaye, ita ce sawun cakar da ta dunƙufar da kyamara. Na sa ya manna kyamarar a goshi ya leƙa ta ƙaramar tagar, tafin hagu a ƙarƙashin idon yana ɗauke da nauyin, gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari, ƙafafu a ware, ɗaya gaba kaɗan. Ƙugiyar ta ragu sosai. Na ce ya yi abin da kowane maharbi a ƙasar nan ya sani kafin ya saki kibiya, ya fitar da rabin numfashi ya tsaya, sannan ya kwantar da tsokar yatsa a kan maɓalli ya matsa a hankali har hoton ya ɗauku. Ta ƙara raguwa. Sai muka sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere muddin yatsa na danne. Na farko ya ɓaci saboda dannawa, na ƙarshe saboda sakewa, na tsakiya ya fi su duka. Hotunan nan da jefi-jefi suke fita tas, a irin wannan tsakiya suka faɗo ba da saninsa ba.

Daga ƙarshe muka ɗora kyamarar a kan buhun gero, muka danna ta ta zauna a ciki, muka sa ta jira sakan 2 kafin ta ɗauka, ba hannun kowa a jikinta. Tocilar ta fito ɗigo ɗaya, zagayayye, mai kaifi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce tafiya Yamai ta fasu.

Saura maganar ƙauye. Wani ɓangare a fili yake, cikin gari ya fi fitilu. Amma na sa ya maimaita gwajin tocilar ranar da ya dawo daga wani aiki a kan babur, kafin ya huta, riƙo iri ɗaya da wanda na koya masa. Ƙugiyar ta dawo da girmanta. Wanda ya taɓa tuƙa babur a cikin yashin dallol ya san yadda ake damƙe kan babur da ƙarfi, injin na kaɗa hannu tun daga wuyansa har kafaɗa. Yana isa ƙauye a gajiye, sau da yawa bai ci komai ba tun safe, samari su tarbe shi da shayi mai kauri, ya sha na fari ya sha na biyu, sannan ya ɗaga kyamara mai nauyi yana fargabar kada haske ya tafi. Gajiyar tsoka, yunwa, sinadarin da ke cikin shayi da kofi, da fargaba, duk sanannu ne wajen ƙara karkarwar nan ta hannu. A cikin gari kuwa da ƙafa yake zuwa, da cikinsa a ƙoshe.

Akwai idanun kyamara masu na'urar rage girgiza a ciki. Nikon ya fitar da ƙaramar kyamara mai ita a 1994, Canon ya sa ta cikin idon da ake cirewa a 1995, kuma tana ba mutum damar jinkirta ƙyaure ninki takwas ko fiye. Nasa ba shi da ita, abin da ya sa ya yi araha ke nan. Ban ce ya saya ba, domin ko da ita ba za a cike ratar da ke tsakanin 1/300 da 1/8 a hannun gajiyayye ba, kuma ba ta tsayar da hannun makaɗi ko ƙafar ɗan kokawa. Wannan sai ƙyaure mai sauri, 1/250 zuwa sama, ko filashi. Abin da na ce ya nema shi ne gajeren ido na milimita 35 mai buɗaɗɗiyar ƙofa, f/1.8, wanda ke shigar da haske kusan ninki goma na abin da dogon ke shigarwa a f/5.6. Da shi kaɗai 1/8 ta zama kusan 1/80, abin da ƙa'ida ke nema a wannan tsawo kuwa 1/50 ne. Na kuma cire masa tsoron ISO. Daga 100 zuwa 1600 ninkawa huɗu ce, tana mai da 1/8 ta koma 1/125. Hoto mai tsaki-tsaki uwar amarya za ta gane 'yarta a ciki ta rataye a ɗaki. Wanda ya zame kuwa, ɗigon da ya kamata ya zauna wuri ɗaya ya riga ya shafe a wuri casa'in.

Gajeren ido yana nufin dole a matsa kusa, kuma wannan darasi a ƙasar nan aka taɓa koyar da duniya shi. Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, ya rasa ƙafafun kyamararsa lokacin da shi da Jean Sauvy da Pierre Ponty suka bi kogin Kwara cikin kwalekwale a 1946 zuwa 1947, dole ta sa ya ci gaba da ɗauka a hannu, daga baya abin ya zama salonsa. Bai son janyo mutane daga nesa, ya fi son ya taka ya shiga cikinsu. A 1971, a Simiri cikin Zarmaganda, ya ɗauki fim ɗinsa Tourou et Bitti a ja ɗaya na kusan minti goma, yana tafe da kyamara a tsakiyar makaɗa da masu rawa. Ya iya yin haka ne saboda mutanen sun san shi sun kuma yarda ya shigo. A nan gabas da mu, kusa da Birnin Kwanni, ya rasu a hatsarin mota a Fabrairun 2004.

To yaya yaro mai kunya zai matsa kusa da tabarmar dattawa? Amsar tana cikin abin da ya riga ya iya. Ɗan Arewa in zai gai da babba ba a tsaye yake yi ba, cire takalmi yake ya tsuguna. Mai hoto da ya durƙusa da gwiwa ɗaya a ƙasa, ya kafa gwiwar hannun hagu a kan ɗaya gwiwar, ya samu madogarar da ta fi tsayuwa ƙarfi nesa ba kusa ba. In ya zauna ya harɗe, gwiwoyin hannu biyu a kan cinyoyi, ya fi haka ma. Bai tsaya wa kowa a ka ba, bai tare wa na baya gani ba, kuma fuskar dattijo daga ƙasa aka ɗauke ta, da kwarjininta. A filin kokawa akwai ginshiƙin rumfa da za a jingina, a bakin gona akwai gawo, a cikin gida akwai turmin da za a kife a ɗora jaka a kai. Yanzu yakan isa ƙauye tun la'asar, ya gai da masu gida ya nemi iznin inda zai zauna, ya ci abinci, ya bar shayin sai an gama aiki.

Ku masu biki a Dutsi da Tibiri da ƙauyukansu, in kun ɗauko mai hoto, babba a cikinku ya kira shi da bakinsa ya nuna masa wuri a gaba, domin yaron kirki ba zai kai kansa can ba. Hoton iyaye da kakanni a yi shi tun rana na sama, kafin a kira magariba. In kuma dole sai dare, a kawo fitila biyu ko uku a sa su gaban fuskokin mutane, kada a bar su rataye a bayansu.